Jawabin malamin lakkwal kan lissafin jirgin ƙasa

Iyayenmu dattawan Dantchiao da 'yan'uwa 'yan ci-rani.

A da, gyaɗar Magariya Kano ake kai ta, jirgin ƙasa ya sauke ta Ikko. A 1964 Reluwe ta Najeriya ta ɗauki fasinja miliyan 11 da kaya tan kusan miliyan 3. A 1974 fasinja miliyan 4 ne, kaya miliyan 1. Kamiyo ya ƙwace lodi, fari ya kashe gyaɗa, gwamnati ta yi ta cike giɓi.

A 2021 an aza tubalin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Daura, kusa da mu. Lodi ne abincin jirgi. Mu tara riɗi da wake a ƙungiyance, kada dillalai su riga mu tasha.

Allah ya ba mu damina mai albarka.