Aikin Ibn Chambas da iyakar Nijar: jawabi ga jama'ar Nima da Maamobi



Yau zan yi maganar mutum guda, Dokta Mohamed Ibn Chambas. Na san wani zai ce, me ya haɗa mai sayar da albasa da aikin jakada? Ku ba ni minti kaɗan.

An haifi Chambas a 1950. Ya yi karatu a Legon, ya wuce Amurka ya ƙaro, ya dawo gida. A 1987, zamanin Rawlings, aka ba shi mataimakin sakataren harkokin waje. A 1993 ya shiga majalisa yana wakiltar Bimbilla a tutar NDC. Shekara guda bayan haka Yaƙin Zabo ya ɓarke tsakanin Konkomba da Nanumba, a ƙasar da yake wakilta. Mutumin da ya ga an ƙone garuruwan mazaɓarsa ba ya wasa da maganar yaƙi.

A 2002 ya zama babban sakataren ECOWAS. Ku lura, Kufuor ne ke mulki a lokacin, Chambas kuwa ɗan adawa ne, amma gwamnatin ta mara masa baya. Wannan kam mun yaba.

Shekarar 2003 ce ta nuna ko shi wane ne. Laberiya tana cin wuta, 'yan gudun hijira sun cika Buduburam. ECOWAS ta tara gwamnati da 'yan tawaye a nan Gana, Janar Abdulsalami Abubakar na shiga tsakani. Mutanen da hannunsu ke da jini ne, amma aka zauna da su sama da wata biyu. Da zaman ya ja, matan Laberiya suka tare ƙofar zauren, suka hana kowa fita. Ranar 11 ga Agusta Charles Taylor ya bar mulki ya tafi Kalaba, ranar 18 aka sa hannu a yarjejeniya a Ankara. Daga nan Chambas ya yi aiki a Darfur, sannan daga 2014 zuwa 2021 shi ne wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a Afirka ta Yamma. Da Yahya Jammeh ya ƙi sauka a Gambiya, an jibge sojoji, gaskiya ne, amma ba a rufe ƙofar magana ba, har ya hau jirgi a Janairun 2017.

To mu dawo gida. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar. Cikin kwana huɗu ECOWAS ta rufe iyaka, ta ba da wa'adin mako guda, daga baya Najeriya ta yanke wutar lantarki. A watan Agusta hafsoshin soja suka taru a nan Ankara suna shirin yaƙi, gwamnatinmu tana ciki. Yaƙi da wa, jama'a? Gida nawa ne a Nima da babu kaka ko suruki a Tawa, Dosso ko Maraɗi? Motocin albasar Galmi suka tsaya a hanya kaya na ruɓewa. 'Yan kasuwar da aka kwashe daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, ba su gama farfaɗowa ba wannan ya faɗo musu. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin yadda kuɗin albasa ya tashi.

Su wa suka samu ganin Janar Tiani tun da wuri? Sarki Sanusi da malaman Najeriya, masu rawani da carbi. Ba ma goyon bayan juyin mulki, mu masu neman ƙuri'a ne. Amma sakamakon barazanar kowa ya gani: a Janairun 2024 Nijar, Mali da Burkina Faso suka ce sun fita daga ECOWAS, a Fabrairu aka janye takunkumin ba tare da an samu abin da ake nema ba. Yarjejeniyar 1979 da ke ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza, ita ce yanzu ke rawa. Dattawan da suka ga korar baƙi ta 1969 sun san abin da takarda ke yi wa ɗan zango.

Chambas bai aiko ni ba, ba kuma da bakinsa nake magana ba. A 2023 ya fara aikin Tarayyar Afirka. Abin da muke nema shi ne gwamnatin da za ta tura irinsa Yamai, Wagadugu da Bamako, su zauna ko wata nawa ne, har direbanmu ya wuce Paga hankali kwance. Duk ɗan takarar da ya shigo unguwa, namu ko nasu, ku tambaye shi wa zai tura, kuma me zai ce.

Zaɓe ranar Asabar ne, 7 ga Disamba 2024. Ku fito da wuri da katinku, ku riƙe hannun tsofaffi zuwa layi. Samari, kada wanda ya ɗauki dutse.