Tsofaffin Kaya a Sansanin Hidimar Ƙasa



Yawancinmu nan, in Allah ya nufa, sai mun yi mako uku a sansanin hidimar ƙasa. Janar Yakubu Gowon ne ya kafa wannan shiri a 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa, domin Bahaushe da Ibo da Bayarabe su ci tuwo a akushi ɗaya. Wannan manufa ba ta tsufa ba, kada kowa ya taɓa ta.

Amma sauran kayan fa? Begila tun kafin asuba, fareti safe da yamma, sai ka ce aikin soja za a ɗauke mu. Koyon sana'a kuwa, wanda aka shigo da shi a 2012, sai jiki ya mutu ake zama dominsa, rabin jama'a na gyangyaɗi. Alhali shi ne zai ciyar da wanda ya gama hidima bai sami aikin gwamnati ba. Ni a ganina a ba sana'a safiya, a rage fareti.

Wasu sansanonin kuma har yanzu masai ne da gadaje masu tsatsa. A cike masan nan, a gina makewayi mai ruwa kafin a kira mu.