Injin da bai juya da hannu ba, kada a tilasta masa
(Jawabin magatakardan ƙungiya a taron cika shekara, unguwar Jadid, Sabha)

 

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamai, Alhazai, direbobi da kanikawa, da baƙinmu da suka taso daga Gatrun, Murzuk da Agadez, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda muka yi taron bara da su, bana babu su.

Ma'aji ya riga ya yi bayanin kuɗi. Ni zan yi magana a kan wata rigima da ba ta rabuwa da teburina: an sayi inji, an ɗora wa mota, an zo juya karanshaf da hannu ya cije. Mai mota ya ce laifin bakanike ne, bakanike ya ce na mai sayarwa ne, mai sayarwa kuma ya rantse lafiya ƙalau injin ya bar shagonsa. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin kanikawanmu a wurin zaman sasanta irin wannan rigima, kuma ga su nan zaune, su ne shaida.

Kowa a nan ya san hanyarmu. Daga Gatrun zuwa Tumu kimanin kilomita 300 ne, daga Dirku zuwa Agadez ya haura 600, kuma babu garejin da za ka tura yaro ya kira maka bakanike. A shekarar 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadez da Dirku bayan motarsu ta lalace. Saboda haka maganar inji a wurinmu maganar rai ce kafin ta zama ta kuɗi.

Ga abu na farko, kuma shi ne mafi girma: in inji ya ƙi juyawa da sifana, kada a buga masa sitata, kada a ƙara wa sifanar bututu a hau kai, kada kuma a ɗaura wa motar igiya a ja ta cikin giya. Hannu yana jin inda abu ya tokare ya tsaya. Sitata ba ta ji. In ruwa ne ko mai a kan fistan, to ruwa ba ya matsuwa, abin da zai lanƙwashe shi ne konrod, wato hannun fistan. Mugun abin shi ne injin da konrod ɗinsa ya ɗan lanƙwashe yana iya tashi, ya yi kwanaki yana aiki a cikin gari, sai an yi lodi an wuce Madama ya buga.

Bincike kuwa daga waje ake fara shi, a bi a hankali zuwa ciki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

A cire kan batir, a tabbatar giya tana firi. Sannan a kwance filogi duka in injin fetur ne, kamar 2TR na Hilux ko 1GR na Land Cruiser. In na gas ne, kamar 1HZ mai silinda 6, a kwance hita ko nozul. Injin gas yana da matsi mai ƙarfi, wani lokaci lafiyarsa lau, nauyin matsin ne kawai ya sa aka ɗauka ya cije. In an juya sai mai ko ruwa ya feso ta ramin, an kama ɓarawo. Wasu masu ajiye inji suna zuba baƙin mai a silinda don tsatsa. Amma in ruwan lagireto ne, sai an duba gasket kafin a ci gaba.

Daga nan a saurari abin da hannu ke faɗa. In karanshaf yana tafiya kaɗan gaba, kaɗan baya, sannan ya tsaya cak kamar ya bugi bango, to akwai abin da ya tare hanya: noti ya faɗa ta bakin iska, ko taimin ya kauce har bawul yana karo da fistan, ko wani bolti ya yi tsawo. In ko motsi ba ya yi, to riƙe shi aka yi: tsatsa, ko metal, ko giyabos.

Sai a sauke bel ɗin waje. Dainamo, famfon ruwa ko kwamfuresan AC da ya ƙame yana iya riƙe inji. A kwance sitata ita ma, don haƙorinta kan maƙale a fulawil.

In har yanzu shiru, a sassauta boltocin da suka haɗa inji da giyabos, a ja shi baya kaɗan. A nan ake yawan samun matsalar, domin wurin ne hannun mai ɗorawa ya fi taɓawa. Ko an juya fuskar faifan kulochi, ko sandar giya ba ta shiga mazauninta ba aka jawo ta da ƙarfin bolti, ko an ɗauko fulawil na tsohon inji da boltocin da ba nasa ba har suna taɓa jikin injin ta baya. A mota mai giya otomatik kuwa, in kwanbata ba ta zauna sosai a cikin giyabos ba aka ɗaure, za ta danne karanshaf, ta kuma fasa famfon man giya. In an sassauta injin ya saki, to lafiyarsa ƙalau, kada a ci zarafin mai sayarwa.

Sai duk wannan ya wuce ake duba makin taimin, sannan a sauke kwanon baƙin mai. A sassauta murfin metal ɗaya bayan ɗaya, ana gwada juyawa. Wanda aka sassauta injin ya saki, shi ne mai laifi. Murafen nan kowanne da lambarsa da inda yake fuskanta, ba a musanya su. Kuma metal mai lamba 0.25 ko 0.50 na karanshaf ne da aka yi wa wanki. In aka sa shi a kan wanda ba a taɓa wankewa ba, zai shaƙe shi. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba. To ku duba wanda ya shimfiɗa buhu a ƙasa yana haɗa inji ranar da gibli ke kaɗawa. Ƙwayar yashi kaɗan ta isa.

Saura tsatsa. Injin da ya sha iskar teku a kwantena kafin a sauke shi a Misrata, ko ya daɗe a rabish bakinsa a buɗe, ring ɗinsa kan manne da silinda. Wannan a zuba masa ɗan mai ta ramin filogi, a bar shi ya kwana biyu, a riƙa girgiza shi a hankali. In ya saki, a fitar da man kafin a mayar da filogi, a auna matsinsa. Wanda ya ƙi, a buɗe shi, ko a mayar wa mai shi.

Maganar mayarwa ita ce ta shafi ofishina. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya sayi kaya ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da haƙƙin mayarwa. Amma in ka riga ka buga sitata ka lanƙwasa ƙarfe, wa zai iya rabe aibin da ka tarar da wanda ka jawo? A nan zumuncin shekaru yake lalacewa.

Don haka ina roƙon shugabanni su amince da abu uku. Na ɗaya, duk ɗan ƙungiya da zai sayi inji, a juya shi da hannu a ƙasa, a gaban mai sayarwa da shaida, kafin kuɗi su fita. Zagaye 2 cikakku, ba ɗaya ba, domin sai karanshaf ya zaga sau 2 kowane bawul yake buɗewa ya rufe. Na biyu, bakanike ya sake juya shi bayan ya ɗaura fulawil, ya kuma sake bayan ya haɗa giyabos, don in ya cije a san daidai inda ya cije. Na uku, a kawo mini lambar injin, da ranar ciniki, da sunan shaida in rubuta a littafi. Ba a biyan ko dirhami.

Alhazai masu motoci, na san ayari ba ya jira, kuma kwana ɗaya a gareji asara ce. Amma sauri ya haifi nawa. Ku ba bakanike yini guda a nan Jadid, inda akwai inuwa da ruwa da kayan gyara.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya, Ya sa albarka a nemanmu.