Jawabi a Bikin Rantsar da Sababbin Ɗalibai: Kan Al'adar Kwana Karatu



'Yan mintocin da aka ba ni zan ƙarar da su ne a kan magana guda, wato al'adar kwana karatu idan jarrabawa ta ƙarato. Kafin wannan zango ya ƙare za ku ga azuzuwa maƙil da jama'a da ƙarfe biyun dare, wani da goro, wani da kofi, ido ya yi jawur, ana ta fama da takardun da aka jibge tun makon farko. Waɗanda suka riga ku shigowa za su ce muku haka ake yi, har a riƙa yi wa wanda ya kwanta kallon rago. Ni kuwa ina so ku fita daga wannan zaure da sanin cewa hanyar nan tana cin lafiyar ɗalibi, kuma ilimin da take bari a kansa bai kai wahalar da ya sha ba.

An daɗe ana auna wannan al'amari. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana lura da yadda suke zubewa. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya kama kai. A 1924, a Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa wanda ya koyi abu ya kwanta ya fi tuna shi a kan wanda ya shafe sa'o'i daidai da waɗannan a farke. Binciken baya-bayan nan ya ƙara fito da dalili: cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke komawa kan abin da ta ɗauka da rana, ta tabbatar da shi a ma'ajiya mai ɗorewa. Shi ya sa masana ke ba matashi shawarar barcin sa'a 7 zuwa 9. Wanda ya hana idonsa barci don ya ƙara shafi ashirin, ya ɗebo ruwa ne a kwando.

Na san wani zai ce a ransa: ai yayana da kwana karatu ya ci jarrabawa. Ba na musun haka, kuma bincike ma bai musa ba. A 2006 Roediger da Karpicke, na Jami'ar Washington da ke St. Louis, sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta sau ɗaya sannan suka rufe takarda suka riƙa rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juya da mujiya: masu gwada kansu suka tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. To, cusa karatu yana iya tsallakar da mutum jarrabawar gobe da safe. Amma darasin aji ɗaya shi ne harsashin na aji biyu, kuma wanda zai zama likita ko injiniya ko lauya, ranar da za a nemi iliminsa da gaske babu mai ba shi dare guda ya shirya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, wannan hanya ta rarraba karatu da gwada kai da aka tabbatar a ɗakunan gwaji ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunan da muke kiran manyan sassan jami'a da shi, tsangaya, daga makarantar allo muka aro shi, kuma ya kamata mu aro har da dabararta. Almajiri ɗan kaɗan ake rubuta masa, ba ya wanke allo sai ya biya wa malam, kuma kullum yana komawa tilawar abin da ya wuce. Kaɗan-kaɗan, kullum, da ka. Idan aka ce ai gardawa ma suna karatun dare, sai mu ce gaskiya ne, amma nasu na kowace rana ne, ba su taɓa tara izu sittin su ce sai daren jarrabawa ba. Ku yi haka da darussanku: ranar da aka yi lacca, ku ware rabin sa'a ku rufe littafi ku faɗi abin da kuka fahimta, ku sake bayan kwana uku, ku sake bayan mako, ku nemi tambayoyin shekarun baya ku amsa ba tare da leƙe ba.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Ɗalibi zai ce ɗakin kwanansu a cunkushe yake, rana ga zafi ga hayaniya, wuta sai tsakar dare take zuwa. Wata za ta ce tana da miji da goyo, wani kuma sai ya yi sana'a kafin ya ci. Ga kuma zangon da ake matsewa bayan yajin aiki, kamar na wata takwas da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi a 2022. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda lokacinsa ya yi kaɗan shi ya fi kowa buƙatar hanyar da ba ta ɓarnar lokaci, kuma rabin sa'a bayan sallar asuba, kai a sake, ta fi sa'a uku ana gyangyaɗi a kan takarda. Idan kuma rashin barcin ya zama ba da son ranka ba, damuwa ta hana ka runtsawa kwana da kwanaki, ka je asibitin jami'a ko ofishin ba da shawara tun da wuri. Ba abin kunya ba ne.

Sauran nauyin yana wuyanmu, mu hukuma da malamai. Ina roƙon a fitar da jadawalin jarrabawa da wuri, a daina jera wa ɗalibi takarda uku a yini ɗaya, a rarraba ƙananan gwaje-gwaje cikin zango maimakon a tara su a makon ƙarshe, a kuma tabbatar da wuta a laburare daga magariba zuwa ƙarfe goma, domin yaranmu su gama karatu su kwanta a kan lokaci.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani da lafiyar ɗaukarsa. Yanzu ina gayyatar Magatakarda ya jagoranci rantsuwa.