Rubutun Da Likita Ke Yi Ranar Awo Ba Na Banza Ba Ne

Wannan jawabi ne da wata likitar mata ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci tare da mazajensu.



Sau da yawa mata kan tambaye ni dalilin da ya sa muke yawan rubutu ranar awo. Mu auna jini mu rubuta, mu auna ciki mu rubuta. Yau zan gaya muku amfanin wannan rubutu.

Likitan mata yakan yi shekara 6 a jami'a kafin ya zama likita. Bayan aikin koyo da bautar ƙasa, sai ya koma asibitin koyarwa ya yi kamar shekara 5 ko 6 a ƙarƙashin manyan likitoci. Ba za a kira shi ƙwararre ba sai ya ci jarrabawa, ya kuma yi bincike na kansa ya rubuta. Da irin wannan bincike ake gano abin da ke kashe mata wajen haihuwa.

Ga misali daga gida. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun rubuta bayanin haihuwa 22,774, ɗaya bayan ɗaya. An buga sakamakon a 1985. Sun gano cewa yawancin matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Sun gano cewa yarinyar da ta yi ciki jikinta bai gama girma ba ta fi shiga hatsari, domin ƙugunta bai buɗe ba. Sun kuma gano cewa matan da suka yi karatu sun fi tsira, su da jariransu. Kun ga ke nan zamanku a wannan aji ma magani ne.

Misali na biyu shi ne jijjiga, wadda wasu ke cewa iska ce. Hawan jini ne na masu ciki ke kawo ta. A 2002 an kammala bincike a kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33. An gano cewa wata allura mai araha, maganiziyam salfet, tana rage hatsarin jijjiga da fiye da rabi.

Na uku shi ne zubar jini bayan haihuwa. A 2017 an fitar da sakamakon bincike a kan mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Nijeriya. An ga cewa akwai allurar da ke rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma sai an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. In an tsaya jiƙe-jiƙe a gida, lokacin ya wuce.

To, mene ne naku aikin?

Mata, ku fara awo da wuri, ku adana katinku. Tunda kun iya karatu, ku riƙa duba ranar komawa da kanku. In kun ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannu, ko gani ya dushe, ku tafi asibiti a ranar. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta gida ba ce. Ita ce ke jawo yoyon fitsari, yankan gishiri kuwa ƙara ɓarna yake yi. Kada kunyar haihuwar fari ta sa yarinya ta ɓoye ciwonta.

Maza, ku tanadi kuɗin mota tun ciki yana ƙarami, ku san direban da za ku tasa ko da tsakar dare. In za ku yi tafiya, ku bar izinin a kai iyali asibiti. In an nemi jini ku bayar, jiki yana mayar da shi. Ku kuma sa 'ya'yanku mata a makaranta, domin daga cikinsu za a sami ungozoma da likitar gobe.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da aka haifa.