Abin da Kowa Ya Wuce Bai Gani Ba

(Laccar da aka gabatar a gaban malamai, ɗalibai da manoma a Shinaka, ƙaramar hukumar Goronyo)

Ɗalibai, ku aka tara mu dominku, sai ku kasa kunne.

An ce in yi magana a kan ƙirƙira, wato yadda sabon tunani yake zuwa wa mutum. A ƙasar nan muna da gajeruwar amsa. In mawaƙi ya shahara sai mu ce aljani ke ba shi, in maƙeri ya fi sa'o'insa sai mu ce gado ne, shi ke nan an rufe zance. Baiwa daga Allah take, ban musa ba. Amma wannan amsa tana sa mu naɗe hannu, don wanda ya tabbata ba shi da aljani kuma bai gada ba, ba zai ma gwada ba. Ni abin da na fahimta shi ne, kafin hannu ya yi sabon abu, ido ne ke fara ganin tsohon abu ta wata fuska.

Mu fara daga gida. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Daular Usmaniyya ta sami kanta da ɗimbin matan karkara, da yawansu Gobirawa, waɗanda in ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama, bori suka sani. Malamai suna duban wannan, ba su ganin komai sai abin yaƙa. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ma ba ta yarda da bori ba ko kaɗan. Sai dai ta lura da abin da saura suka tsallake: matan nan suna da tsari. Suna da shugaba, Inna ta Gobir, suna da alamar girma da suke ganewa tun daga nesa, sun kuma saba ɗaukar ƙafa su je neman magani da shawara.

A kan wannan ta gina 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta ba ta sunan jaji, ta ɗora mata malfa, ta naɗa jan ƙyalle a kai. Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a Sakkwato tana binciken rayuwarta, ta nuna cewa malfar nan irin ta Inna ce. Matar ƙauye ta hango malfa ta san shugaba ce tafe, amma da jaji ta buɗe baki, alwala da salla da tarihin Manzon Allah ne ke fitowa. Ku duba kuma waɗanda ta zaɓa su yi tafiyar: tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba a aurar ba, don matar aure tana ɗakinta. Ta san allo da littafi ba za su isa kowane gida ba, sai ta zuba karatun cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, yadda mace za ta riƙe shi tana daka ko tana kaɗi. Malfa tsohuwa ce, waƙa tsohuwa ce, ziyara ma haka. Haɗa su ne ba wanda ya taɓa yi. Kuma Wurno, inda ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi har ya rasu a 1837, tana cikin wuraren da ta zauna. Ba labarin wata uwa duniya nake ba ku ba.

Yanzu mu bi ruwa mu haura. Gulbin Maraɗi yana cikin masu zuba wa Rima ruwan da madatsar Goronyo ke tarewa. A can ƙasar Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983, yana kan hanya ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen gona. Ya matsa ya duba ganyen, ya gane ashe kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sassabe shi. Gonakin cike suke da irinsa: sabara, kalgo, geza, gawo.

Aikin renon irin wannan kututture ba shi da wuya. Ka je gindin kututture, ka tarar da tsirrai kamar goma sun yi cunkus. Ka zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ka datse saura, ka rage rassan ƙasa, ka kare su daga awaki. Tun da saiwar tsohuwa ce mai zurfi, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Mutanen Nijar suna kiransa sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

To, manoman Maraɗi makafi ne? Ko kusa. Sun fi baƙon sanin sabara sau dubu. Amma an tashe su a kan cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, mai barin tsiro kuwa rago ne. Ga kuma doka da ta ce itace na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka a kan wanda ya tsiro a gonarka. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da yunwar 1984 ta matsa, aka haɗa rabon abinci da barin itatuwa, daga baya aka sassauta dokar, sannan ido ya buɗe. Abin da mutum ke gani yana bin abin da aka koya masa da abin da yake tsoro.

A nan nake da ƙorafi a kan makarantunmu, na boko da na allo duka. Hadda tana da amfani, Asma'u ma da ita ta yi aiki. Amma yaron da ya tambayi dalili sai a ce ya cika surutu, a jarrabawa kuma wanda ya maido da maganar malam daidai shi ke zuwa na ɗaya. Malamai, Allah ya gafarta muku, ko sau ɗaya a mako a fitar da yara bakin fadama, a ce kowa ya faɗi abin da ya gani, kada a gyara masa tukuna.

Ga wurin farawa ma kusa. Kowace kakar albasa farashi yana faɗuwa a Goronyo da Wurno, mai hali ya zuba tasa a rudu yana jiran tsada, kafin tsadar ta zo wani kaso ya ruɓe. Duk mun ɗauka haka albasa take. Amma ruɓewar ba daidai take a kowane rudu ba, ba kuma daidai take a sama da ƙasa da tsakiyar rudu ɗaya ba. Ina so ɗaliban da ke nan su zagaya rudu goma a bana, su auna tsayin kowanne daga ƙasa, su duba ta ina iska ke shiga, su tambayi mai shi yaushe ya daina ban ruwa kafin ya cire da kwana nawa ya shanya, su rubuta, su kawo wa malamansu na aikin gona.