Wasiƙar da Aka Amsa da Wadda Ba a Amsa Ba

Lacca ce da aka gabatar a Magariya

   

An nemi in yi magana a kan yadda shugabannin Amurka na farko da jaridunsu suka karɓi labarin juyin juya hali da ya ɓarke a wata ƙasa. Da na zauna da batun sai na ga ba baƙo ba ne a Magariya. Mu mutanen bakin iyaka ne, kuma kakanninmu sun san ranar da aka ce musu duniya ta kife a gidan maƙwabci. Ku riƙe shekara guda a zuciya, 1804. Ranar farko ta wannan shekara bayin da suka yi tawaye a Haiti suka yi shelar 'yancin ƙasarsu. A watan Fabrairu kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Babu wanda ya san da wani, amma maƙwabtansu sun sha tambaya iri ɗaya: me za mu yi da wutar nan?

Bari mu fara da Amurka. Da Faransawa suka tayar wa sarkinsu a 1789, Amurkawa sun yi murna ƙwarai, don Faransa ce ta taimaka musu suka fita daga hannun Ingila, har akwai yarjejeniyar ƙawance tsakaninsu tun 1778. Murnar ba ta daɗe ba. A Janairun 1793 aka fille kan sarki Luwi na 16, yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Ingila, majalisar shugaba Joj Washinton ta dare gida biyu. Tomas Jefasin, mai kula da harkokin waje, yana ganin juyin Faransa ƙanin nasu ne. Alekzanda Hamiltan, ma'ajin ƙasa, yana ganin hargitsi ne da zai cinye dukiya da doka, ga shi kuma cinikin Amurka mafi tsoka da Ingila ake yi. Kowane yana da jaridarsa. Gazette of the United States tana bayan Hamiltan. Ɗaya kuwa, National Gazette, editanta Philip Freneau, Jefasin ne ya ba shi aikin tafinta a ma'aikatarsa a kan dala 250 a shekara, yana cin albashin gwamnati yana sukar ta. A Afrilun 1793 Washinton ya yanke cewa Amurka ba za ta shiga bayan kowa ba. Shekara biyar bayan haka, a zamanin Jon Adams, tsoron Faransa ya kai aka kafa dokar hukunta masu sukar gwamnati a rubuce. An kama editan jaridar Aurora a 1798, zazzaɓin shawara ya kashe shi kafin a shiga kotu. Rigimar da aka fara a kan Faransa ta koma rigimar waye ke da ikon buɗe baki a cikin Amurka.

Na Haiti ne ya fi tsaya mini a rai. A Agustan 1791 bayi suka tashi a gonakin rake na wannan yanki, wanda a lokacin mallakar Faransa ne. Abin da suke nema shi ne abin da Amurkawa suka rubuta da hannunsu a 1776, cewa an halicci mutane daidai. Amma ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan dubu 700 a Amurka, kuma Washinton da Jefasin duk masu bayi ne. Gwamnatin Washinton ta tura wa iyayengijin bayin kuɗi da makamai. Turawan da suka tsere a 1793 suka cika tasoshin jiragen ruwa irin su Filadelfiya, kuma daga bakinsu jaridu suka fi ɗaukar labari: gidajen da aka ƙone, iyalan da aka kashe. An yi kisa, gaskiya ne, har da kisan Turawan da suka rage a 1804. Sai dai bulala da sarƙar da suka haifi wannan fushi ba su sami fili kamar haka a shafukan ba. Jihohin kudu suka kafa dokokin hana baƙar fata daga tsibiran shigowa, don kada labari ya kai kunnen bayinsu.

A Yunin 1803 jagoran mayaƙan Haiti, Desalin, ya rubuta wa Jefasin, wanda ya riga ya zama shugaban ƙasa, yana neman a ci gaba da ciniki. Jefasin bai amsa ba. A 1806 majalisa ta hana ciniki da Haiti, kuma sai 1862, zamanin Linkon, Amurka ta yarda cewa akwai ƙasa mai wannan suna. Alhali kashin da sojojin Faransa suka sha a Haiti yana cikin abin da ya sa Nafoliyon ya sayar wa Amurka Luwiziyana a 1803 a kan dala miliyan 15. Sun ci moriyar yaƙin, sun ƙi amsa sallamar wanda ya yi shi. Ni ban ga uzurin da zai wanke wannan shiru ba.

To mu dawo gida. A ƙasar Hausa ta 1804 babu injin buga jarida. Aikin jarida wasiƙa ke yin sa, da waƙar ajami, da fatake a zango, da 'yan gudun hijira. Bayan an ci Gobirawa a Tafkin Kwatto a Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya aika wa sarakunan Katsina, Kano, Zazzau, Daura da Azbin takardu yana yi musu kashedi cewa abin da ya same shi yana tafe gare su. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wasu sarakunan sai suka far wa malaman da ke ƙasashensu, kuma wannan farmaki ya hura wutar da suke gudu. Kafin ƙarshen 1808 Daura, Katsina, Kano, Zazzau da Alƙalawa duk sun faɗi.

Ina waɗanda aka kora suka nufa? Da yawa nan suka yo. Sarkin Daura, Sarkin Gwari Abdu, ya yi yawo da jama'arsa har ya zauna a Yekuwa, zuriyarsa suka kafa sarautu a Zango da Ɓaure, kuma sai 1906 Ingilishi suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura. Katsinawa, bayan an ci su da yaƙi a Ɗankama, sun fake a Damagaram tare da Ɗan Kasawa kafin su kafa Maraɗi. Ƙasashen Sosebaki, Dungas da Waca da Mirya, suna ƙarƙashin inuwar Barno, suna kallon baƙi na kwararowa da dawaki da labarai. Abin da Filadelfiya ta gani a 1793, ƙauyukanmu sun gani. Kuma wanda ya rasa gida da sarauta ba zai ba ka labarin zaluncin da talakawa suka yi kuka da shi a zamaninsa ba. Shi ya sa har yau 1804 ɗin da ake faɗi a Maraɗi ta bambanta da wadda ake faɗi a Sakkwato, kuma a zauren nan akwai jikokin ɓangarorin biyu.

Babbar maƙwabciya ita ce Barno, tsohuwar daular Musulunci. A 1808 masu jihadi suka ci Birnin Ngazargamu, Mai Ahmadu ya gudu. Wanda ya taimaka aka ƙwato birnin malami ne, Muhammadu Al-Amin Elkanemi, wanda muka fi sani da Shehu Laminu. Ya ɗauki takobi, kuma ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta wa shugabannin jihadi yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka. Ya yarda akwai miyagun al'adu a Barno, amma ya ce saɓo ba kafirci ba ne, kuma irin wannan saɓo akwai shi har a manyan biranen Musulunci na gabas. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya amsa masa. Jigon hujjarsa shi ne sarautar Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu, kuma wannan taimako yana da hukuncinsa. Wasiƙu suka yi ta kai da kawowa shekaru.

Ba na nan don in raba gardamar malaman da suka fi ni. Abin da ke burge ni shi ne mun san hujjojin Shehu Laminu ne saboda Bello ya kwafe su a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Abokin gaba ya adana maganar abokin gabansa, ya bar wa na baya su auna. Ku ajiye wannan kusa da takardar Desalin da ta kwana a ma'ajiyar Jefasin babu amsa.

Kada mu yi wa kanmu kirari da yawa. Wasiƙun ba su hana yaƙi ba. A 1826 zuwa 1827 Shehu Laminu ya kawo runduna har ƙasar Kano, Yakubun Bauchi ya tare shi. Shi ma, kamar 'yan siyasar Amurka, wutar maƙwabci ta sauya masa gida: ya kafa Kukawa a 1814, ikon gaskiya ya bar hannun Mai ya dawo nasa. Damagaram ta yi ƙarfi a wannan tsakani, har Tanimun ya gina ganuwar Zinder ya ƙera igwa, Zango da Ɓaure suka koma biyan ta gaisuwa. Akwai kuma waɗanda babu wanda ya rubuta wa wasiƙa. Sakkwato, Barno da Damagaram duk sun riƙe bayi sun sayar, kuma ƙauyukan bakin iyaka irin namu su ne suka fi shan hari. In mun zargi Jefasin da toshe kunne, tilas mu faɗi wannan ma.

Yawancinku kun ga sabon babin labarin da idonku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta rufe, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, aka fara maganar yaƙi. Mutanen Magariya da Dungas masu 'ya'ya a Ɓaure, Babura da Maigatari suka riƙa jin sunan ƙasarsu a rediyo da WhatsApp daga bakin waɗanda ba su taɓa taka ta ba. A daidai lokacin sanatocin arewacin Nijeriya suka fito suka ƙi yaƙi. Sarkin Musulmi yana cikin tawagar da aka aika Yamai, malamai ma suka tafi da tasu. A watan Agusta Muhammadu Sanusi na II, wanda a lokacin ba ya kan gadon Kano, ya shiga fadar shugaban ƙasa a Yamai, kuma wanda ya raka shi Sarkin Damagaram ne, magajin gidan Amadu Kuran Daga, wanda ya kai wa Kano yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19. Nijeriya ta buɗe iyakarta a Maris na 2024.